Na samu tsohon injin wanki mai rola: in jona shi in gani, ko in fara da fenti?

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya ci karo da tsohon injin wanki a ɗakin ajiyar kakansa, irin mai ƙafa huɗu ɗin nan da rola biyu a sama da ake matse kaya a tsakaninsu. Akwai sunan Maytag a jikinsa, bahonsa mai kusurwa huɗu ne, kuma ya yi shekaru ba wanda ya taɓa shi. Yana so ya farfaɗo da shi, har abin ya fara shiga ransa yana tunanin tara irinsu. Tambayoyinsa uku ne: ya jona shi da wuta ya ga ko zai tashi? Ya kankare tsohon fentin ya fesa sabo? Kuma a ina ake samun kayan gyaran injin da aka daina ƙerawa?

Malam, ka yi sa'a, kuma ina taya ka murna. Amma kafin komai, don Allah kada ka jona shi. Na san hannunka na ƙaiƙayi, domin duk wanda ya shiga harkar nan ya san wannan ƙaiƙayin. Ni kaina injina na farko haka na yi masa. Na kawo shi gida da yamma, ban ko goge ƙurarsa ba na soka fulogi a bango. Ya yi gurnani na ɗan lokaci bai juya ba, sai wani siririn hayaƙi ya fito daga ƙasansa da warin ƙonannen koyil. Moton da ya shekara arba'in yana jira lafiya lau, a hannuna ya ƙone cikin minti ɗaya. Har yau abin yana yi mini ciwo, don daga baya na gano lafiyarsa ƙalau, man da ke cikin giyabos ne ya daskare ya riƙe komai, moton ya yi ta ja har ya mutu.

Abin da ke faruwa shi ne, man giya idan ya daɗe a zaune yakan yi kauri kamar kwalta, wani lokaci ma ruwa ya sulala ta sandar tsakiya ya gauraya da shi ya bar tsatsa a haƙoran giya. Moton irin waɗannan injina ƙarami ne, galibi kwata ko sulusin ƙarfin doki, kuma yana da koyil na musamman na tada shi wanda aka yi don ya yi aiki na daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai. Da zarar moton ya ɗauki gudu, wani ɗan makunni a cikinsa sai ya buɗe ya cire wannan koyil ɗin daga wuta. In kuwa moton bai juya ba, makunnin ba zai buɗe ba, koyil ɗin ya ci gaba da shan wuta har ya gasu. Wannan kenan ta ɓangaren injin. Ta ɓangarenka kai kuma, haɗarin ya fi haka. Wayoyin da aka naɗe da roba da zare tun shekaru sittin ko saba'in sukan bushe, ka lanƙwasa su kaɗan robar ta zube kamar garin gawayi. Yawancin tsofaffin nan an yi su da waya mai layi biyu, babu wayar ƙasa. Ga jiki na ƙarfe, ga ruwa, ga mutum tsaye a jiƙaƙƙen daɓe. Shokin da za a samu a nan yana iya kisa.

Don haka ranar farko ba ranar gyara ba ce, ranar kallo ce. Ka fito da shi inda akwai haske, a tsaye, kada ka kwantar da shi a gefe, don mai zai tsiyaye ta ramin numfashin giyabos ya ɓata maka wuri ya ɓata moton. Ka ɗauki hoto ta kowace fuska, ƙasa da sama, kowane noti, kowace waya da inda ta nufa. Ka nemi ɗan farantin da ke ɗauke da samfuri da lamba, ka goge shi da tsumma da ruwan sabulu kawai. Akwai wani farantin a jikin moton, shi ma ka karanta shi da kyau, zan dawo kansa. Sannan ka cire bel, ka juya fulin moton da hannu, ka juya na giyabos shi ma da hannu. Hannunka zai gaya maka abin da wuta ba za ta gaya maka ba: ko yana juyawa sumul, ko yana da nauyi, ko akwai inda yake cijewa a kowane zagaye.

Sanin shekarunsa zai taimaka maka, domin siffar injin nan tana yaudara. Kamfanin Maytag da ke garin Newton a jihar Iowa ta Amurka ya fara yin injin wanki a 1907, kuma bai daina ƙera mai rola ba sai 1983. Kenan abin da kake gani kamar na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu yana iya zama na shekarun 1970. A 1922 ne suka fito da Gyrafoam, wanda ya sauya harkar baki ɗaya. Kafin shi, injina suna jan kayan ne suna gurza su a jikin katako ko ƙarfe. Howard Snyder, injiniyansu, ya sa abin kaɗawa mai fukafukai a ƙasan baho, wanda ni nake kira maburgi, ya zama ruwa ne ake turawa ta cikin tufa. In bahonka na alminiyam ne mai kusurwa huɗu, ko dai ɗaya daga cikin na shekarun 1920 da 1930 ne, ko kuma samfurin E2L wanda suka daɗe suna yi har ƙarshe. In mai zagaye ne da ruwan tangaran, to N2L ne ko ɗan'uwansa. Ka yi dace da injinka na farko ya zama na wannan kamfani, saboda sun yi su da yawa ƙwarai, kuma har yanzu akwai al'ummomin Amish a Amurka, Kiristoci masu riƙe da rayuwar gargajiya, da ke wanki da su kullum, shi ya sa ake ci gaba da yin sababbin rola da sil (zoben da ke hana yoyo) da bel ɗinsu.

Mu koma ga farantin moto. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka yana cin wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120 a kan bugun 60 a daƙiƙa. Mafi yawan ƙasashen duniya suna kan 220 zuwa 240 da bugun 50. In wutar gidanka irin ta biyun ce, kana buƙatar taransifoma mai rage ƙarfi, kuma ka sayi wadda ta ninka abin da aka rubuta a farantin, don moto yakan ja wuta mai yawa a lokacin tashi. Amma ka sani taransifoma ƙarfin wuta kawai take sauyawa, ba ta taɓa bugun. Moton da aka rubuta masa zagaye 1725 a minti zai dawo wajen 1425, kuma zai fi ɗaukar zafi. Wanki ɗaya ko biyu ba zai dame shi ba, amma ka riƙa sa hannu a jikinsa. In da gaske kake so ka riƙa wanki da shi kowane mako, shawarata ka sa masa moton zamani mai dacewa da wutarka, ka naɗe na asalin a tsumma ka ajiye kusa da shi da takarda a ɗaure. Babu abin da ka ɓata, duk ranar da aka so za a mayar.

Ko wane moto ka bari, wayar wuta dole a sauya ta da mai layi uku, a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen injin inda aka kankare fenti. Mita ta yau da kullum ba ta isa ta gaya maka lafiyar koyil ba, don da 'yar batir take aunawa. Ka kai wa mai gyaran moto ya gwada da mitar da ke tura bolt 500 tsakanin koyil da jiki. In awon da mitar ta nuna bai kai megom ɗaya ba, kada a yi amfani da shi sai an busar da shi an sake gwadawa, ko an sake naɗi. Kuma kada ka taɓa kunna shi sai ta soket mai na'urar yanke wuta da ke faɗuwa a miliamf 30. Wannan shi ne wuri ɗaya da ban yarda da masu cewa a bar komai yadda aka same shi ba.

Yanzu sai aikin da ya fi cin rai, wato cire maburgi. A ƙa'ida ɗaga shi kawai ake yi ya fito daga kan sandarsa, kuma littafin kamfani ya ce a riƙa cire shi bayan kowane wanki. Kusan babu wanda ya bi wannan. Shekara da shekaru sabulu da gishirin ruwa suna taruwa a tsakani, alminiyam da ƙarfe kuma in suka daɗe a manne cikin danshi sukan ci juna su zama kamar abu ɗaya. A nan ne mutane suke ɗauko guduma da ƙarfen ɓanɓara, a nan ne kuma ake fasa maburgi ko a lanƙwasa ƙasan baho. Akwai wanda ya ɗauke ni kwana tara. Kowace safiya in tafasa ruwa in cika bahon har ya rufe gindin maburgin, in bar shi ya huce, in zubar, in ɗiga man sassauta tsatsa ta sama, in zura igiya biyu a ƙarƙashin fukafukan in ɗaura a katakon da na gitta a bakin bahon, in murɗa har igiyar ta yi tauri, in tafi harkata. Rana ta tara ina tsaye ina goge wani abu sai na ji ƙas, ɗan ƙaramin sauti. Na duba, ya ɗago kamar faɗin farce. Da na zare shi, sandar ta fito da farin ɓawo mai kauri da wani warin tsohon sabulu, a ƙasa kuma ga maɓallin riga guda biyu da ƙaramar allurar ɗaure zane da ta yi baƙi. Wani ya yi ta neman maɓallan nan wata rana. Suna nan a cikin kwalba a kan shiryayyena. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma a wannan sana'a na ga hakan da idona.

Bayan ya fita, sai ka sauya sil ɗin sandar ko da kana ganin lafiyarsa, don shi ne ƙofar da ruwa ke bi ya shiga giya. Ka buɗe giyabos, ka kwashe tsohon man, ka wanke da kananzir da buroshi, ka duba haƙora ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka yi mamaki, giyar za ta fito tana sheƙi kamar jiya aka yanka ta. Ka zuba man giya mai kauri, ba baƙin man mota ba. In akwai sassa na tagulla a ciki, ka nemi man da aka rubuta cewa ba ya cin tagulla, don wasu mayukan giyar mota suna da sinadarin da ke dusashe ta.

Rola kuma ita ce fuskar injin, ita ce kuma haƙoransa. Ta cinye hannayen mata da yara masu yawa a zamaninta, har da gashin kai da bakin hannun riga. Akwai sanda ko faranti a samanta da ake bugawa rolar ta saki nan take. Kafin ka saka ko ƙyalle ɗaya, ka tabbata wannan abin yana aiki da bugu ɗaya mara ƙarfi, ka gwada shi sau goma. In yana cijewa, a kwance shi a wanke a shafa giris. Kada yaro ya matso in tana juyawa, kuma in ka gama ka zare fulogi. Roba ba ta shiri da mai, don haka kada giris ya taɓa ta, kuma kullum ka sassauta matsin bayan aiki, in ba haka ba rolar za ta kwanta ta gefe ɗaya ta riƙa tsalle. Wadda ta tsattsage ko ta yi danƙo ba ta gyaruwa. Ko ka sayi sabuwa, ko ka kai sandar wurin masu zuba wa rolar injin buga takardu sabuwar roba, aikinsu ɗaya ne.

Tambayarka ta biyu, fenti. Nan ne ni da wasu abokan harka muke saɓani, kuma zan faɗi ra'ayina ƙarara. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a buƙatarsa sam. Ka fara da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, sannan man goge mota mara kaushi, sannan kakin sheƙi. Injin da kake gani ya yi baƙi ƙirin, yawanci datti ne da tsohon mai, a ƙarƙashi launin asali na nan. Tambarin kamfani da ke jiki, da ɗan wurin da fenti ya goge daidai inda hannu ke kamawa a tura shi, waɗannan su ne shaidar rayuwarsa. Fentin asali sau ɗaya ake samunsa. In ka kankare, ko ka fesa mafi kyawun fenti a duniya, abin da ke gabanka ya zama kamar kowane. Inda na yarda a yi sabon fenti shi ne in tsatsa ta ci ƙafafu da siket ɗin ƙasa har tana ɓarɓashi, ko wani ya riga ya shafe shi da buroshi a baya. A nan ma ka nemi wani lungu da rana ba ta taɓa ba, kamar ƙarƙashin farantin suna, ka ɗauki launin daga can.

In za ka kankare, ka ɗauka fentin yana da dalma. Amurka ba ta hana fenti mai dalma na amfanin gida ba sai 1978. Kada ka goge shi a bushe da samfefa, ka jiƙa, ka rufe hanci da abin tace numfashi na gaske, kuma ba a inda yara ke wasa ba. Haka nan tsofaffin kafasito masu mai a ciki na kafin 1979 suna iya ɗauke da sinadarin PCB mai guba, in ka ga ɗaya yana yoyo kada ka taɓa da hannu. Injinan Turai masu dafa ruwa da kansu kuma wani lokaci akwai asbesto kewaye da hitar, farin abu mai kama da auduga ko kwali. Kada ka karce shi.

Kowane irin baho da halinsa. Alminiyam ba ya tsatsa amma soda mai ƙuna tana cinye shi, bilic ma yana ɓata shi, don haka ka nisanta su da shi. Ruwan tangaran gilashi ne da aka narka a kan ƙarfe a zafin da ya kai wajen digiri 800, ba fenti ba ne, in ya ɓantale sai dai a cike gurbin da gam mai haɗi biyu don tsatsa ta tsaya. Ƙananan sassan ƙarfe masu tsatsa ina tsoma su a ruwan sodar wanki in haɗa da cajar batir, baƙar waya a jikin abin, jar waya a jikin wani guntun ƙarfe, a waje inda iska ke kaɗawa don yana fitar da iskar da ke kama wuta. Kwana ɗaya tsatsar ta saki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sassan zubin tutiya, irin hannaye da murafen giya, don da tsufa sukan kumbura su tsattsage daga ciki, kuma ba sa karɓar walda. In za ka sayi inji na biyu, su za ka fara dubawa.

Wannan ya kawo mu ga maganar kayan gyara da tarawa. Bel, boris, tiyo, waya da noti duk ana samun na zamani daidai awonsu, ka tafi da tsohon a auna. Gasket kana iya yanka shi da kanka daga takardar gasket. Amma akwai abin da ba a samu sai a jikin wani injin irinsa, shi ya sa duk mai wannan harka yana da gawa ɗaya ko biyu a bayan gida da yake cire wa sassa. Masu tara irin waɗannan injina a intanet suna musayar littattafan gyara na asali, kuma mutane ne masu son taimako in ka zo da lambar samfuri da hoto mai kyau. Ƙa'idata wajen saye ita ce cikakke mai datti ya fi mai sheƙi da ya rasa murfi. Datti yana fita. Murfin samfurin da aka daina yi shekara saba'in kuwa kana iya shekara biyar kana nema.

Kuma ka zaɓi layi tun da wuri, don fagen yana da faɗi kuma kowane inji yana cin wuri. Akwai masu bin na katako, irin wanda Miele ta fara yi a Jamus a farkon ƙarni na 20, bayan ta fara da injin raba kirim da madara. Waɗannan in sun bushe sukan yi yoyo ta ko'ina, maganinsu a jiƙa su kwana biyu katakon ya kumbura ya rufe kansa, ba a shafa musu gam. Akwai masu neman Thor na kamfanin Hurley da ke Chicago, ɗaya daga cikin na farko masu lantarki, wanda Alva Fisher ya samu rajistar ƙirarsa a 1910. Akwai masu son Bendix na 1937, na farko mai yin komai da kansa, wanda sai an ɗaure shi da noti a daɓe don kada ya yi tafiya lokacin da yake juyin matsewa. A Birtaniya kuma zuciyar mutane tana kan mai baho biyu, irin Hoovermatic da aka yi a masana'antar Hoover ta Merthyr Tydfil a yankin Wales. Masu aiki da kansu sun fi wahalar gyara, saboda agogon da ke ba da umarni da bawul ɗin ruwa da tarin roba, ban ba ka shawarar farawa da su ba. Wanda ya fi kowa nisa a wannan hanya shi ne Lee Maxwell, tsohon malamin injiniyan lantarki da ya yi ritaya, wanda ya tara fiye da dubu a garin Eaton na jihar Colorado har ya shiga kundin Guinness.

Ni dai inda zuciyata ta fi karkata shi ne masu injin fetur. Tun 1915 Maytag ta fara sa ɗan ƙaramin inji a ƙarƙashin baho saboda gidajen gona da wuta ba ta kai ba. Samfurin 92 mai silinda ɗaya ya fito a 1927, samfurin 72 mai silinda biyu ya biyo baya a 1937. Da ƙafa ake taka su kamar babur, ana haɗa musu fetur da mai, kashi goma sha shida da ɗaya, kuma suna da doguwar tiyon salansa da ake zurawa ta taga. Ka duba ƙarƙashin naka da kyau. In ka ga ramukan noti da babu komai a kansu, mai yiwuwa da fetur ya fara rayuwa kafin a sa masa moto. In wata rana ka samu irin wannan injin, kada ka tada shi a cikin ɗaki ko gareji a rufe, hayaƙinsa yana kashewa ba tare da an ji warin haɗari ba.

Ranar da ka gama duk wannan, ka fara kunna moton shi kaɗai babu bel, ka ji ɗan ƙas ɗin makunnin nan yayin tashi da yayin tsayawa. Sannan ka mayar da bel, baho babu ruwa, minti biyu. Sannan ka zuba ruwa ka bar shi ya kwana a kan busasshen kwali, da safe kwalin zai nuna maka inda yake ɗiga da ko ruwa ne ko mai. Sai bayan nan ka saka tsofaffin tawul guda uku ka ja maɓallin maburgi. In ka aiko mini da lambar da ke farantin da hoton ƙasan injin, zan taimaka maka mu gano samfurinsa da irin sil ɗin da za ka nema.